Ganyen Da Surukata Ta Saka A Farfesu

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Akwai abin da na yi a gidana na Roni, har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da shi ba.

Ɗana na fari direba ne, yana ɗaukar shanu daga Babura zuwa kurmi. Can ya auro mata. Tana sallah, tana durƙusa mini, amma zuciyata ba ta kwanta da ita ba. A shekarar ne autata ta zo gida wankan jego. Ciwon mara ya hana ta sakat, abinci ko loma ba ta kai wa baki.

Wata safiya na leƙa madafa, sai na ga surukata ta ciro wani busasshen ganye mai kara kamar igiya daga leda, ta murje shi cikin farfesun mai jego. Na tsufa a ƙasar nan, ban taɓa ganin irinsa ba.

"Mene ne wannan?"

"Magani ne, Mama. Haka muke yi a wajenmu."

Na kife tukunyar a toka, na ƙulle ganyen a haɓar zane. Da ɗana ya shigo na ce masa matarsa sammu take yi wa ƙanwarsa, ya zaɓa, ko ni ko ita. Ya ce in ba shi kwana ɗaya.

Ran nan na hau acaɓa zuwa Kazaure, wurin wani tsoho mai kayan yaji da ya daɗe a kurmi. Shaida nake nema, ba gaskiya ba. Ya sunsuna ganyen, ya tauna, ya dube ni.

"Iya, me kike dakawa a yajin jego?"

"Citta, kanumfari, kimba, masoro."

"To ai wannan ganyen masoro ne. Kin ɗauka a buhu yake tsirowa?"

Ya ce yaɗo yake yi, yana hawa manyan itatuwan daji. Mu 'ya'yan kawai ke iso mana, su kuwa mutanen kurmi har ganyen suke ci. Yana ɗumama ciki, yana buɗe wa mai jego baki. Na biya asibiti, ungozoma ma ta ce kaɗan ba laifi, mai ciki ce kawai za ta kiyaye.

Na dawo na tarar surukata ta ɗaure kayanta. Da tsufana na roƙe ta gafara. Ta ce, "Ba komai, Mama," ba ta ɗago kai ba.

Autata ta warke, ta koma ɗakinta a Gwiwa. Tsohon mai kayan yajin ya rasu. Ɗana ya gina gida a Kazaure, ya tafi da matarsa, yanzu 'ya'yansu biyar. Tana zuwa gaishe ni, tana kawo mini atamfa da sabulu, amma tun daga ranar ba ta ƙara dafa mini komai ba.

Idan kun ga abin da ba ku sani ba, ku fara tambaya kafin ku zargi mutum. Ni sai da na yi zargin sannan na je tambaya.