Ɗakin da Vernetta Ta Haɗa wa Rufus

Shekara talatin da ɗaya Vernetta Grimball ta yi tana goge daɓen makarantar firamaren garinmu, kuma in aka tambaye ta masu hankali nawa ta gamu da su a ginin, sai ta ɗaga yatsa ɗaya ta ce shi ma ba mutum ba ne. Rufus take nufi, macijin masara da ke zaune a aji huɗu cikin akwatin gilashi, kusa da taga.

Macijin masara ba shi da dafi. Kowa a nan Carolina ta Kudu ya san haka, ko da yake sanin bai taɓa hana ƙato mai gemu ɗarewa kan tebur ba. Na daji ja ne mai duhu da baƙin zane, ya kwanta cikin busasshen ganye sai ka taka shi ba ka gan shi ba. Rufus kuwa a hannun masu kiwo aka ƙyanƙyashe shi. Fatarsa ruwan lemo mai haske, idanunsa jajaye kamar na mashayi, kuma tunda yake bai taɓa ganin ɓera yana tafiya da ƙafafunsa ba.

Malamar ajin, Miss Dolores Haskell, ita ta kawo shi, kuma tana son sa ƙwarai, musamman ranar da iyayen yara suka zo ziyara. Sauran kwanakin na Vernetta ne. Duk bayan kwana goma za ta ciro daskararren ɓera daga firiza, ta jiƙa shi a ruwan ɗumi, ta miƙa wa Rufus da dogon hantsaki. Ita ke canja masa ruwa, ita ke kwashe kashinsa. In idonsa ya yi hazo, alamar zai yi saɓa, ita ke hana yara ƙwanƙwasa gilashin. Lokacin hutu tana da makullan makaranta, sai ta zo don shi kaɗai. Shekara goma sha uku ana haka.

Da ita da Miss Dolores kuwa ƙawaye ne, ko dai haka garin ya ɗauka. Tare suke shan kofi a ɗan ɗakin ajiye tsintsiya. Ranar da mijin Dolores ya rasu, Vernetta ce ta tsaya a kicin ɗinta tana soya kaji har ƙafafunta suka kumbura. Sai kuma ta kama cewa a wata ɗaya za su ajiye aiki, ƙarshen shekarar karatu. Tun cikin Fabrairu Dolores ta dafa mata kafaɗa ta ce, "Netta, Rufus naki ne. Wa zan ba in ba ke ba? Ni ko ɓeran ba na iya kallo."

Vernetta ta koma gida ta samu mijinta Cleophus, tsohon kafinta wanda ya ajiye sana'a ya rungumi kujera.

"Tashi, tsoho. Ɗaki za ka gina."

"Wa za mu saukar? In ƙanwarki ce, ban da ni."

"Wanda ya fi ƙanwata kunya. Ƙafa huɗu tsawo, biyu faɗi, biyu tsayi. Ƙofar gilashi ta gaba, mai zugewa."

"Maciji? Netta, shekara arba'in ina roƙon ki bar ni in ajiye kare."

"Kare yana haushi, kai ma kana yi. Biyu sun yi mini yawa."

Cleophus ya yi mita na kwana biyu, sannan ya ɗauko katakon da ya fi ji da shi, jan nan mai ƙamshi da ake yi wa amare akwatin tufafi da shi. Shekara goma yana ɓoyon sa. Vernetta ta shinshina ta ce ya mayar. Ƙamshin da ke korar asu daga tufafi shi ne ke lalata huhun maciji, ko diddigarsa ba a shimfiɗa masa. Ran Cleophus ya ɓaci, domin a duniya ba a taɓa raina masa katako ba, balle a kan wani mai jan ciki. Haka ya koma ya sayo farin katako marar wari, ya shafe shi da mai hana ruwa, suka bar shi a rumfa wata guda yana shan iska.

Da ya haɗa, sai ta bi kowace kusurwa da fensir. Duk inda bakin fensir ya shige, sai ya sake.

"Wannan ɗan ramin? Ai ko tururuwa sai ta rage ƙiba."

"Inda kansa ya shiga, jikinsa ya shiga. Na taɓa kwana uku ina neman sa, a bayan injin kwafin takardu na same shi. Toshe."

Ya toshe. Ya sa wa ƙofar makulli, ya huda ramukan iska ya rufe su da raga. A gefe ɗaya suka sa abin ɗumamawa na lantarki da na'urar da ke kashe shi in zafi ya wuce digiri tamanin da biyar a ma'aunin Amurka. Ɗaya gefen suka bar shi da sanyinsa, wajen saba'in da biyar, don maciji da kansa yake zaɓar inda zai kwanta. Maɓoya biyu ta saka, ɗaya a ɗumi ɗaya a sanyi, duka matsattsu, saboda Rufus ba ya samun natsuwa sai ya ji bango yana taɓa shi ta ko'ina. Kwanon ruwa mai nauyi ne, wanda ba zai kifar ba. Reshen da zai hau kuwa, ta saro shi a bayan gida ta gasa a tanda don kashe ƙwari. Cleophus ya shigo da yunwa, ya buɗe tanda, ya rufe, ya zauna.

"Na san girkinki ya ja baya," in ji shi, "amma ban zaci mun kai nan ba."

Keken ɗinkinta ta ba jikarta don a samu wuri. Mako biyu akwatin yana kunne ba kowa ciki, tana duba ma'aunin zafi safe da yamma kamar mai jinya. Har Dolores ta zo ta gani, ta tafa hannu ta ce, "Kai, Netta! Ai ya fi falona."

Ranar ƙarshe, da safe, Dolores ta roƙi Vernetta ta je zauren wasanni ta jera kujeru ɗari biyu na bikin sallamarsu. Wato ita za a karrama, ita za ta jera kujerun. Ba ta damu ba. Wajen sha ɗaya da rabi ta gama, ta ɗauko rigar filon da ta wanke don ɗaukar Rufus, ta nufi aji huɗu.

Ba kowa a ajin. Murfin akwatin gilashin yana jingine da bango.

Ta duba ƙarƙashin maɓoya, ta tona shimfiɗar da hannu. Tana durƙushe tana leƙa bayan kabad sai ta ji hayaniyar yara. Suka shigo a layi, takalmansu duk ganyen daji, Dolores a baya fuskarta sai sheƙi.

"Mun ba Rufus 'yanci, Miss Netta!" in ji wata 'yar yarinya. "Ya shige daji, mun yi masa waƙa!"

Vernetta ta miƙe a hankali. Ta ce wa Dolores ta fito waje.

"Ina kika kai shi?"

"Bayan filin makaranta, cikin itatuwan nan. Netta, da kin ga yaran! Wasu har kuka. Darasina na ƙarshe ke nan, na so su tafi da wani abu a zuciya. An ma ɗau hoto don jaridar makaranta."

"Miss Dolores, macijin nan shekararsa sha huɗu. Da hantsaki yake cin abinci."

"Haba, ai nan ce ƙasarsu. Dajin cike yake da 'yan'uwansa."

"'Yan'uwansa kalar ganye ne. Shi kalar rigar masu gyaran titi ne. Shaho daga saman coci zai hango shi."

Dolores ta gyara sarƙar wuyanta. "To, ai dabba ya san abin da zai yi."

"Yaushe kika shirya wannan?"

Dolores ta juya ta kalli ƙofar aji.

"Yaushe?"

"Wajen Ista. Na san in na gaya miki za ki tada hankali, shi ya sa."

Vernetta ta lissafa. Bayan Ista da mako biyu ne matar nan ta tsaya a ɗakinta tana tafa hannu a gaban akwatin. Kujerun nan ɗari biyu ma, ashe ba don kujeru aka tura ta ba.

Ba ta je bikin ba. An kira sunanta sau biyu, an riƙe farantin yabon da za a ba ta, ita kuwa tana cikin daji da takalmin aiki tana ɗaga ruɓaɓɓen itace.

Mutanen nan suna da dabarar neman maciji: a shimfiɗa tsohon kwanon rufi a bakin daji, rana ta ɗumama shi, maciji ya shige ƙarƙashi, da sassafe a zo a ɗaga. Cleophus bai jira ta roƙe shi ba. Ya ɓamɓare rufin tsohon kejin kajinsu, falle tara, ya ɗora a mota, bai yi ko ba'a ɗaya ba, abin da ya fi komai tsorata ta. Kullum da fitowar rana suna can. Sun samu kwaɗi, sun samu kyankyaso, sun samu wani baƙin maciji da ya zabura ya tsere. Sau ɗaya suka samu macijin masara na daji, ya naɗe ya kai wa Cleophus sara a takalmi.

"Wannan fa?" in ji shi. "Ɗakin yana nan ba kowa."

"Wannan yana da gidansa. Rufe masa."

Rana ta goma sha tara, ƙarƙashin wani dogon itace a ƙarshen fili, ta ga abu ruwan lemo a cikin ciyawa. Bai kai tsawon tafin hannu ba. Sauran jikin Rufus, shaho ya tafi da shi. Ta naɗe a hankicinta, suka koma gida, Cleophus ya tona rami a gindin ɓaurensu.

Bayan kwana huɗu Dolores ta zo da la'asar, da kek ɗin ’ya’yan itace a hannu ɗaya, ɗan kofin roba mai hudajjen murfi a ɗayan. A cikin kofin akwai jaririn maciji, siriri kamar igiyar takalmi. Vernetta ba ta buɗe ƙofar raga ba.

"Na ji labari, ƙawata. Ban yi barci ba. Ga wannan, har Charleston na je. Mai kantin ya ce kalarsu ɗaya, ba za ki ma bambance ba."

"Shi mai kantin ba zai bambance ba. Ke ma haka."

"Haba, Netta. Shekara nawa muna tare, a kan maciji?"

"A kan Ista. Ajiye kofin a matakala."

"Za ki karɓa ke nan?"

"Zan karɓa, don in na ce a'a, kafin rana ta faɗi kin tara yaran unguwa kin ba shi 'yanci. Kek ɗin ki tafi da abinki. Kuma ki yi hankali da matakalar ƙasa, tana rawa, ba na son ki faɗi a gidana in yi jinyarki."

Sai da motar ta sha kwana sannan ta fita ta ɗauko kofin. Jaririn ya yi ƙanƙanta da akwati mai ƙafa huɗu, zai ruɗe ya ƙi cin abinci, don haka ta samo ƙaramin mazubin roba ta huda, ta sa shi a ciki, ta ajiye a gefen ɗumi. Cleophus ya tambayi sunan da za a sa masa. Ta ce ba ta yanke ba tukuna. Shekara biyu ke nan, macijin ya kai ƙafa uku, ya cika ɗakin da yawo, kuma har yau "wancan" ake ce masa a gidan.