Ranar da Lauya Ya Ji Tsoron Dariya

Tun da aka kai Lauya makwancinsa, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya share hawaye, can kuma ya tuna wata maganarsa ta kan dandali ya yi murmushi. Allah ya jiƙansa, haka yake so. Amma akwai ranar da dariya ta kusa jawo masa asarar mutum, ita ce mu na kusa da shi ba ma mantawa.

Ɗan mai gyaran keke ne. Da faci da famfo mahaifinsa ya kai shi har makarantar lauyoyi. Ya daɗe yana shiga kotu, kuma kowa ya san yadda yake fara magana: ya yi gyaran murya, ya kama wuyan baƙar rigarsa da hannu biyu, ya ce, "Da izininka, ya mai shari'a." Daga baya 'yan unguwa suka tura shi majalisa. Zango ɗaya ya yi, ya dawo da furfura da gyambon ciki, yana cewa a can aka fi iya wasan kwaikwayo, tikiti ne kawai ba a sayarwa. Ya rufe ofis, ya kama hayar tsohon sito a bayan tasha, ya shiga rubuta wasanni yana fitowa a ciki.

Wasan da ya ɗaga shi na wani lauyan bogi ne mai kare ɓarayin akuya. Kuskurensa ɗaya: bai ƙirƙiro wa wawan nan komai ba, nasa ya ɗauka ya ba shi, gyaran muryar da kamun rigar da "Da izininka". Ya faɗa ya ɗan dakata, ɗaki ya ɗauka da dariya. Har ta kai ko tari ya yi a shagon aski sai wanzami ya ajiye almakashi ya riƙe ciki.

Ana haka aka ƙone ofishin wata jam'iyya, aka kwashi mutane, har da Direba, wanda ya tuƙa Lauya lokacin siyasa. Direba yana da ciwon suga, ƙafarsa ta kumbura a tsare har ta fara ruwa. Matarsa ta zo sito ta durƙusa.

"Yallaɓai, duk lauyan da na je wurinsa sai ya ce ba ya taɓa shari'ar siyasa. Zaman beli gobe ne, daga shi kotu za ta tafi dogon hutu. Ƙafar nan ba za ta jira hutu ba."

Lauya ya ce to, amma bakinsa ne kawai ya faɗa. Takardarsa ta aiki tana nan da ranta, doka ma bai manta ba. Fuskarsa ce abin tsoro.

Da yamma ya ciro rigar a ƙasan akwati, ya zaunar da matarsa a kan kujera a matsayin alƙali.

"Maman yara, in kin ga na yi abin wancan mutumin ki buga tebur."

Bai gama miƙewa ba ta buga.

"Me na yi?"

"Hannunka. Ka shaƙe rigar kamar ta ci maka amana."

Ya mayar da hannu baya, ya buɗe baki, ta sake bugawa, kafaɗunta na rawa.

"Ke ma dariyar kike yi?"

"Wallahi ba da gangan ba ne, Baban yara. Maƙogwaronka ne."

Ya zauna a bakin gado da rigar a cinya. In wadda ta san ranar kukansa ba ta iya daurewa ba, ina ga mutanen gari? Abincin da ta ajiye masa haka ya huce.

Da safe ya tarar kotu ta cika har tagogi. Labari ya zaga cewa Da-Izininka zai yi na gaske, kuma kyauta. Yana shiga da rigar aka fara ƙus-ƙus, wani ya yi fito. Mai shari'a baƙo ne a garin, tsoho mai gilashi a kan hanci, bai san wasa ba, bai san mai yinsa ba. Ya buga guduma.

"Nan ba gidan kallo ba ne. Na sake ganin haƙoran mutum, na tashi zaman nan, sai bayan hutu."

Aka shigo da Direba yana jan ƙafa, an naɗe ta da tsumma. Ya kalli Lauya ya ce a hankali, "Yallaɓai, ka zo."

Lauya ya miƙe, ya danne hannuwansa a kan tebur don kada su tashi da kansu. Nan take ƙaiƙayi ya kama masa maƙogwaro. Tari ɗaya zai raba shi da ƙaiƙayin, tari ɗaya kuma zai mayar da Direba kurkuku. Ya haɗiye yawu, ya sake haɗiyewa, idanunsa suka kawo ruwa, gumi na bin bayansa. Da murya a dishe ya fara, "Wanda ake tuhuma..."

Mai shari'a ya ɗaga hannu.

"Lauya, ka daɗe ba ka zo kotu ba ne? A gabana ba a fara magana sai an nemi izini."

Ɗakin ya yi tsit, irin shirun da Lauya ya fi kowa sani, na mutanen da suka ja numfashi suna jiran abin da suka zo ji. Yana jin su a ƙeyarsa. Sai abin da dandali ya koya masa ya faɗo masa a rai: dariya baƙuwa ce, sai an ba ta wurin zama take shiga. Ba a cikin kalmar take ba, a cikin ɗan dakatawar da ke bin ta take.

Bai dakata ba.

"Da izininka ya mai shari'a ƙafar mutumin nan tana ruɓewa," ya faɗa da numfashi ɗaya, "in aka mayar da shi yau, wanda za a kawo bayan hutu ba zai zo da ita ba."

Wani a baya ya fara "ha", ya shanye abarsa. Lauya ya ci gaba, ba ado, ba ɗaga murya, ba ɗaga hannu. Ya ambaci doka, ya miƙa takardar likita, ya ce shi da kansa zai tsaya wa Direba. Duk rayuwarsa bai taɓa magana marar gishiri irin wannan ba. 'Yan kallo suka gaji, wasu suka sulale.

Mai shari'a ya daɗe yana rubutu. Lauya yana kallon bakin alƙalamin, maƙogwaronsa kamar an zuba barkono. Daga ƙarshe aka ba da beli.

Sai da ya kai bayan kotu, inda ake ajiye babura, ya dafa bango ya yi ta tari har ya durƙusa. Matarsa tana shafa masa baya tana cewa, "Yi abinka, Baban yara, ba mai ji."

Daga nan asibiti aka wuce da Direba. Yatsu biyu aka cire masa, ƙafar ta tsira. Daga baya aka kori ƙarar. Da wannan ƙafar ya ci gaba da taka birki har tsufa, kuma da ciwon ajali ya kama Lauya, shi ya riƙa kai shi asibiti yana dawo da shi, a hankali, yana kauce wa kowane rami.