Baba Jira, Mai Gadin Ƙofar da Ba a Gani

Ƙarfe bakwai saura kwata yake shiga ɗakin kwamfuta na kwalejin, masu shara ba su gama baranda ba. Ya rataye hula a ƙusa, ya kunna na'urorin ɗaya bayan ɗaya, ya ja kujera gaban wani ɗan akwati da wayoyi suka cunkushe a bayansa. Ta nan intanet ke shiga, ta nan yake fita. Akwatin yana da 'yan fitilu kore, su yake kallo. Minti goma cur, ba ya buɗe komai. In ka yi masa magana ya ɗaga hannu ya ce, "Jira tukuna." Daga nan sunan ya bi shi. Ɗalibai Baba Jira, malamai Baba Jira. An ce har matarsa haka take kiransa in ya ɓata mata rai.

Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan aiki. Ranar Alhamis zai ajiye aiki. Na tambaya, ba a shirya masa komai ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Yayata ce mai buga takardun jarrabawa a kwalejin. Ta taɓa tambayarsa me yake kallo a fitilun nan kullum.

Ya ce, "'Yata, kwamfuta gidan haya ce. Wanda kike gani a allo shi ne na bakin ƙofa. Sauran suna can ciki suna aiki, ba a ganinsu. Wani yakan leƙa waje ya tambayi lokaci, wani ya je kamfaninsu ya karɓo gyara. Duk na san su. Amma in na ga baƙuwar fuska za ta fita, sai na tsare ta: wa ya aike ka, ina za ka, me ka ɗauka?"

Yana da littafi mai baƙin bango. Kowace manhaja da ke aiki a ɓoye tana ciki, da inda take zuwa, da lokacin da take fita. Malamai sun sha yi masa dariya a kan littafin nan.

Bara tambayoyin 'yan ajin ƙarshe suka fita. Kwana uku kafin jarrabawa suna yawo a wayoyin ɗalibai. Aka soke, aka rubuta wasu, su ma suka fita. Mutum uku ke da makullin ɗakin bugu: shugaba, mataimakinsa, da yayata. Kun san wanda aka nuna. Aka dakatar da ita, aka manna takardar a allon sanarwa da sunanta ɓaro-ɓaro. Kwamiti zai zauna bayan mako biyu ya yanke ko a kore ta.

Shekara tara tana aikin nan ba ta taɓa fita da ko guntun takarda ba. Ta daina zuwa kasuwa. Innarmu in an yi sallama sai ta ce yayata ba ta nan, alhali tana ɗaki tana ji.

Baba Jira bai yi shiru ba. Masinja yana wurin lokacin da ya shiga ofishin shugaba, shi ya ba ni labari.

"Ranka ya daɗe, a ba ni kwamfutar ɗakin bugu kwana biyu."

Mataimaki ya yi dariya. "Baba, kwamfuta ba ta da ƙafa. Mutum ne ya fitar."

"Ba ta da ƙafa, Malam. Amma tana magana da waje, kuma ba a tambaye ta ba."

Aka ba shi, don a rabu da shi. Ya kunna ta, ya naɗe hannu, ya jira. Rana ta farko babu komai sai waɗanda ya sani. Rana ta biyu ya buga 'yar takarda ya adana, ya janye kujera. Bayan kwatan awa, babu wanda ya taɓa komai, fitila ta soma ƙiftawa. Wata manhaja ce ta farka. Sunanta ya yi kama da na manhajar firinta, amma ba ta cikin littafinsa. Ta kwashi takardar ta aika wani adireshi da bai taɓa gani ba.

Da wani ne, da ya goge ta nan take ya je ya karɓi yabo. Kai ba ka goge ba, Baba. Ka ce wa masinja, "In na kashe ta yanzu na kashe shaidar yarinyar nan." Wannan maganar ba zan manta da ita ba.

Ya roƙi kwamiti su zo ɗakin bugu. A gabansu ya buga jarrabawar lissafi ta ƙarya, tambaya goma. Tara kamar gaske. Ta bakwai kuwa cewa ta yi: bayyana dalilin da ya sa agogon ɗakin malamai ke yin gaba da minti goma sha biyar duk lokacin tashi. Ya adana, ya bar na'urar a kunne, aka kulle ɗaki. Makullai ukun duka shugaba ya zuba a aljihunsa. Yayata kuwa kwananta goma a gida.

Kashegari da hantsi wata ɗaliba ta tsare malamin lissafi a baranda, waya a hannu, fuska a ɗaure.

"Malam, don Allah maganar agogon ɗakinku a wane babi take? Ba ka koya mana ba."

An ce malamin sai da ya dafa bango don dariya. Kafin azahar rabin ajin suna da takardar.

Sai aka koma tambayar yadda manhajar ta shiga. Baba ya nuna ranar da aka sa ta. Mataimaki ya sunkuyar da kai.

"Na ga firintar tana jan jiki ne. Wani mai shago ya ba ni a filash, ya ce tana ƙara sauri."

"Taimako ka yi niyya, Malam. Baƙon da ka shigo da shi ne ɓarawo."

Iyakar abin da ya ce masa ke nan. Bai tozarta shi ba. Ya cire manhajar, ya toshe adireshin, ya duba sauran na'urori talatin da ɗaya, kowace da minti gomanta.

Shugaba ya ce a kira yayata ta dawo aiki, magana ta wuce. Baba ya ɗaga hannu.

"Jira tukuna, ranka ya daɗe. A allo aka ɓata ta. A allo za a wanke ta."

Bai bar ofishin ba sai da aka buga takardar ban haƙuri, shugaba ya sa hannu. Shi da kansa ya cire tsohuwar ya manna sabuwar a gurbinta. Ranar da yayata ta dawo, ta tsaya gaban allon ta karanta sau uku. Da yamma ta tafi kasuwa, ba don tana da abin saye ba.

Kai ne mai gadin ƙofar da ba a gani, Baba. Kai ne ka tambayi na'ura lokacin da kowa ya gama yanke wa mutum hukunci. Ba danginmu ba ne kai, ba ka san ko ƙofar gidanmu ba. Ka mayar wa yayata sunanta, ka mayar wa Inna bakinta a unguwa. Na gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa 'ya'yanka su sami mai tsaya musu yadda ka tsaya mana.

Ku da ke aiki da na'urorin nan, ku koyi zama minti goma. Ku san abin da ke fita daga kwamfutarku da inda yake zuwa. Kafin ku manna sunan wani a allo, ku tambayi fitilar da ke ƙiftawa alhali ba kowa a kujera.

Littafin mai baƙin bango yana hannun yayata yanzu, shi ya ba ta. Ƙarfe bakwai saura kwata take shiga.

Ranar Alhamis zai sauke hularsa daga ƙusa ya nufi ƙofa, kamar kullum, ba hayaniya. Duk wanda ya gan shi, ɗalibi ko malami, ya tare hanya ya ɗaga masa hannu. Ku ce, Baba, jira tukuna, ba mu gama gode maka ba.