Malamin Saƙon Murya

Mai shagon kwamfuta ba ta san sunansa ba, amma tun hantsi take lura da shi. Dogo ne siriri, tabaransa ɗaure da zare a kunne ɗaya. Lambar yabon da ake ba masu koyar da fasaha kyauta yake nema, yau kuma ake rufe karɓar sunaye. Shafin neman lambar ya kafe, wai sai ya sa adireshin intanet na ayyukansa. Yana rubutawa, yana gogewa, yana jan tsaki.

"Hajiya, ni fa duk koyarwata a saƙon murya take," in ji shi. "Ina zan samo wa murya adireshi?"

Tana kallonsa tana ƙiyasi. Da gani irin waɗanda aka rena ne a kan cewa ba a yi wa alheri shela, shi ya sa ko hoton aji ɗaya bai taɓa ɗauka ba.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Wata ɗalibarsa ce, manhajar da take haɗawa ta ƙi tashi. Nan take ya juya wa allon baya, fuskarsa ta washe.

"Kwantar da hankalinki, ƙanwata. Karanto min layin da ya yi ja."

Mai shago ta ɗaga tata wayar, ta fara ɗaukar bidiyonsa. Ya ankara, ya kai hannu zai kare fuska.

"Sauke hannun, Malam, ci gaba da aikinka," ta ce. "Wannan kam zai samu adireshi."