Ba a Zama a Tatsuniyar Iya

Yaran wasu gidaje a kwance suke jin tatsuniya, har barci ya sace su. Mu a gidanmu na Bakori, tatsuniya aikin ƙarfi ce. Da an ci tuwo an yi sallar isha'i, Iya, kakata ta wajen uba, za ta ja 'yar kujerarta bakin murhu, ta tura dankali cikin toka, ta ce, "Ga wata nan tafe, ku ba ta hanya." Daga nan hutu ya ƙare. Idan a labarin wata ta ɗauki tulu, ɗayanmu zai tashi ya ɗora ƙwarya a ka. Idan jaki ya yi tutsu, dole a sami jaki. Shekara uku ina jaki, ban taɓa jin an kushe aikina ba.

Ni ne mai yawan tambaya. Da ta faɗi kalmar da ban sani ba, sai in ce, "Iya, mene ne ma'anarta?"

"Ji min mijin nan nawa, ɗan boko. Wa ya ce maka ma'ana a bakina take? Tashi ka yi, ka gani."

Wadda ta fi so ita ce ta baƙi biyu da suka sauka a garin da ba su jin yarensa: wani malami da wata mai daddawa. A wannan aka ƙara min girma, na zama malamin. Shi ya shimfiɗa buzu a ƙofar gari, duk kalmar da ya ji sai ya rubuta a allo, har tarin allunan ya fi shi tsawo. Mai daddawa kuwa ta bi mata. Su faɗi wani abu su miƙa mata guga, ta ja. Su faɗi wani su nuna turmi, ta daka. Ran nan kogi ya ɓalle, mutane suka fito suna ihu da kalma guda. Ita ta taɓa jin kalmar ranar da wani bijimin sa ya ƙwace a kasuwa, sai ta tattare zane ta haye tudu. Malam yana can yana laluben allon da ya rubuta ta. Iya takan bar ni ina iyo a tabarma har sai ta juya dankalinta, sannan ta ce, "Allah Ya so shi, allo ba ya nutsewa. A kan allunansa ya tsira." Sai ta kakkaɓe toka. "Nan ta tsaya, kowa ya sauke kayansa."

Shekara talatin bayan haka ina Riyad, da digirin Turanci da iƙama, takardar izinin zama, da saura wata biyu ta mutu. Wani kamfanin gine-gine ya ɗauke ni gwaji, in koya wa Sinawa goma sha biyu, masu walda da ɗaurin rodi, Turancin magana da injiniyoyi. Mudir, wato manajan, bai yi kwana-kwana ba: bayan sati uku, ran Alhamis, zai shigo aji. In ya ji suna magana, a sabunta min iƙama. In bai ji ba, jirgin Kano.

Sai na yi abin da ɗan boko ya iya. A ɗakina na unguwar Ulaisha na buɗe ƙamus, na kwaso duk hanyoyin amfani da kalmar Turancin nan "take", na jera su a allo, kowace da lambarta. Sinawa suka kwafe tsaf, da rubutun da ya fi nawa kyau. Sati biyu aji shiru kamar ɗakin jarrabawa. Na tambayi babbansu, Mista Liyu, wace mota ya hau da safe. Ya buɗe littafi, yana bin lambobi da yatsa.

Na ƙura wa yatsan nan ido. Na san mai laluben nan. Na sha zama shi a kan tabarma. Ruwa kuma yana tafe ran Alhamis.

Washegari na zo da bokiti, lema da maganin ciwon kai. Na ture tebura gefe. Kujeru shida suka zama bas. Wannan ya ɗauki bokiti, wancan ya sha magani, wani ya ɗauke su hoto, kowa yana faɗin abin da yake yi da kalmar "take". Mista Liyu, da furfurarsa, ya ƙi motsi, yana neman lamba. Ban san sanda Hausa ta suɓuce min ba: "Baba, tashi ka yi, ka gani." Bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya tashi.

Ran Alhamis mudir ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Ya ustaz, wannan aji ne ko kasuwar Aziziya?" Kafin in haɗa amsa, Mista Liyu ya miƙa masa hular kwano, ya gaya masa da Turanci ya karɓa, ya hau bas, tafiyar minti biyar ce. Mudir ya hau. Da ya sauka, ya ce in kawo takarduna ran Lahadi. Na jingina da bango, sai a lokacin na lura rigata ta jiƙe sharkaf.

Na daɗe ina zaton malamin Iya take wa dariya. Yanzu na lura ko sau ɗaya ba ta bar ruwa ya ci shi ba. Takan dai ƙyale shi ya sha iyo tukuna, sannan ta miƙa masa allunansa da dankali mai zafi. Ƙamus ɗina yana nan, ban yar ba. Ta san irin mijin da ta aura.