Sadakar Uku a Bakin Teku

Shekarar da gero ya bushe a tsaye a gonakinmu na wajen Kunci, har masu rumbu biyu suka koma awo, ita ce shekarar da ofishinmu na malaman gona ya tura ni kwas Italiya. Satina biyu a can wana ya bugo waya ya ce Inna ta cika, har an kai ta, kada na taso. Na ce to. Ko hawaye ban yi ba.

Ranar uku ta faɗo ranar da aka ware mana ta yawon buɗe ido. Aka zuba mu a bas. Garin farko a kan dutse yake, gidaje a manne kamar za su zubo, hanyoyin ko jaki sai ya yi shawara. Jagorarmu, wata Baturiya mai laima, tana ta nuna coci da ganuwa. Aka ce a ɗaga kai, na ɗaga. Aka ce hoto, na tsaya. Ni dai tunanina ɗaya: yanzu a gida an daka gumba ana rabawa, ni ɗan autanta ko ƙwayar gero ban fitar mata ba.

Da muka gangaro gari na biyu, na bakin teku, na shiga wani shago na sayi burodi leda biyu. Na tsaya inda jiragen masunta suke, ina miƙa wa duk mai wucewa. Wa yake ƙin sadaka? Ashe akwai. Wani ya ɗaga hannu ya kauce, wata ta janye ɗanta. Wani tsoho ya karɓa, ya laluba aljihu zai biya ni, na girgiza kai, sai ya mayar mini da abina. Kai jama'a! A garinmu shekarar nan, da ko ɓawonsa ne sai an yi layi.

Jagorar ta zo tana nuna agogo, ta ce, "Ba a shiga mota da abinci."

Na gutsuttsura shi a bakin gaɓa, wasu fararen tsuntsaye suka sauko suka cinye tas. Na tsaya ina jiran addu'ar mai karɓa, shiru. Sai na ce, "Allah ya jiƙan Inna," na amsa wa kaina amin, na hau mota.