Shinkafar Dayaram

A shekarar 2009 na fara haɗuwa da Dayaram Motwani a benen kasuwanci na Tianxiu, can ƙasar waje, inda nake yi wa 'yan kasuwar Kano masu zuwa sari tafinta bayan na ajiye koyarwa. Na gaishe shi da Turancin da aka koya mana a Wusasa, sai ya amsa da Hausar Kantin Kwari: "Malam, an zo lafiya?" Ashe a Kano ya girma. Mahaifinsa ya daɗe yana sayar da yadi a can kafin tsufa ya mayar da shi Indiya.

Aikinsa haɗa wa mutanenmu kayan da suka saro a kasuwar Shahe ya tura su filin jirgi. A bayan teburinsa akwai ɗan mutum-mutumi mai kan giwa, Ganesh, wanda Dayaram ya ce mabiya addinin Hindu shi suke fara roƙo kafin kowane aiki. Kullum da safe sai ya kunna masa fitila da turare kafin ya taɓa waya. Ba ya cin nama, Alhaji Shitu mai sarin takalma kuwa bai gaji da miƙa masa kilishi ba.

"Ɗan Kano ba ya cin kilishi? An yi asarar haihuwa."

"Alhaji, ci naka, likita na jiranka."

A 2020, lokacin da annoba ta tsayar da jirage, mahaifinsa ya rasu. A addininsu babban ɗa ne ke kunna wutar da za a ƙone gawar uba, Dayaram kuwa shi ne babba. Ƙaninsa ne ya kunna, shi yana kallo ta waya a tsakanin kwalaye. Ya hana a kai tokar kogin Ganga, inda suke zuba tokar mamatansu, ya ce a adana sai ya zo.

"Malam," ya ce mini, "mu a wurinmu da bashin iyaye ake haihuwar mutum. Ranar biya ta zo, ba na nan."

Akwai kwanakin da suke ware wa magabata wajen watan Satumba, a dunƙula shinkafa da baƙin riɗi a ajiye wa hankaki. In sun ci, mamaci ya karɓa. Dayaram ya riƙa hawa rufin gidan da yake haya da farantinsa. Na raka shi sau da dama, ina haki a kan matakala. Ban taɓa ganin hankaka a unguwarmu ta Xiaobei ba. Mukan tsaya cikin zafi har shinkafar ta bushe, sannan mu sauko. Shitu ya ce ko hankakin ma biza aka hana su. Dayaram bai yi dariya ba, Shitu kuma bai ƙara ba.

Da aka buɗe hanya, kasuwa ta mutu, takardun zamansa suka rikice. In ya fita, babu tabbas zai dawo, ga iyali a wuyansa. Ya yi furfura a kan idona.

Bara, wata safiya na tarar da shagon a kulle. Bai yi sallama da kowa ba. Har mun fara cewa ya tafi ke nan, sai ga shi wata Litinin yana ɗaga ƙofa, ya rame, kansa a aske ƙwal kamar yadda masu makokinsu ke yi.

"Ina ka shiga, Dayaram?"

"Na kai Baba kogi," ya ce. Ya jawo mini kujera, ya sunkuya yana kwance igiyar wani kwali.